Shekarar da Yaya Ta Gaji da Kitso

Yayata makitsiya ce. Shekara goma sha biyu ta ba ni, kuma duk waɗanda ke tsakanina da ita maza ne, don haka a bayanta na girma fiye da bayan innarmu. A wani ƙauye kusa da Rawayau aka haife mu. Wurin gwaggonmu ta koyi kitso tun tana yarinya, kuma kafin a kai ta ɗakin miji a Kurfi, gwaggon da kanta ta fara kwance ɗankwali tana miƙa mata kai. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Auta.

Kafin a yi mini aure nakan je Kurfi in yi wata guda a gidanta, a nan na ga yadda take aiki. Tabarma take shimfiɗawa a gindin wata bishiyar ɗurumi da ke tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta yafa tsohon zane a cinya. Wadda za a yi wa kitso sai ta kwanta ta ɗora kai a kan cinyar. Kayan aikin ba su da yawa: mataji na itace, ƙoƙon man shanu, ɗan ƙullin shuni, da kibiya, wato siririn ƙarfen nan da ake tsaga gashi da shi. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta farawa nan take. Sai ta tallabi kan ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta dubi goshi da ƙeya da wurin da kunne ya zauna. Wani lokaci har mai kan ta ƙosa ta tambaya ko wani abu ne. Yaya sai ta ce mata ta yi haƙuri, tana neman hanya ne. Da ta samu kuwa sai ka ga fuskarta ta washe, ta soma ɗan amo a maƙogwaro, hannu ya shiga aiki.

Tana da kamar shekara ashirin da biyar wata mata ta zo mata, wadda gashin gaban kanta ya zube bayan haihuwa, tana jin kunyar buɗe kai ko a cikin mata. Yaya ta daɗe tana juya kan, sannan ta ɗauko zane daga bayan kunnuwa, ta lanƙwaso shi ta kan goshi kamar kunya a gonar da ke gangare, layi bayan layi, ta haɗe su a tsakiya da 'yar ƙaramar doka. Wurin da babu gashi ya ɓace. Matar ta je biki da shi, kafin a watse an tambaye ta wadda ta yi mata ya fi a ƙirga. Mata suka sa wa kitson suna na Kurfi.

Daga nan gidan bai sake zama shiru ba. Daga Wurma ake zuwa, daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba, mata da goyo da ƙunshin abinci. In Sallah ta matso, tun hantsi bai yi ba tsakar gida ta cika. Na sha ganin ana ba ta fura a baki da ludayi saboda hannunta duk mai ne kuma babu damar tsayawa. Kowace mace kuma da ta ɗora kai a cinyarta sai bakinta ya buɗe. Wannan ɗanta ba ya jin magana, waccan surukarta ta ce kaza, wata ciwo ne take ɓoyewa. Yaya ba ta kai maganar kowa gaba, shi ya sa aka ƙara kawo mata. Sai dai kusan babu wadda ke barin ta ta nemi hanya kuma. Tun daga ƙofa ake cewa na Kurfi ake so, mai faɗin goshi da mai tsukakke, mai cikar gashi da mai kaɗan. Ni a lokacin alfahari kawai nake ji. Da aka kawo ni Dutsin-Ma gidan miji, abin da maƙwabta suka fara sani game da ni shi ne ni ƙanwar mai kitson Kurfi ce.

Shekara ɗaya ko biyu bayan samun mulkin kai, Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen bazara, ana tsananin zafi. Saura kwana goma ke nan, ran kasuwa, ina tsakar gida ina suyar gyaɗa, sai na ji sallama da muryar da na sani. Yaya ce da ƙunshin kaya a ka. Mijinta, wanda muke kira Malam, shi ya rako ta a lorin kasuwa, ya tsaya a zaure wurin maigidana. Na yi murna, amma na yi mamaki, don ban taɓa jin Yaya ta bar Kurfi ana saura kwana goma Sallah ba. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, ta zo ganina ne. Ta sha ruwa, ta nemi tabarma, ta kwanta a inuwa ta juya wa tsakar gida baya.

Malam bai kwana ba, ya bi lorin yamma ya koma. Maigidana ne ya ba ni labarin abin da suka tattauna. Wai kusan shekara ke nan Yaya ba ta yadda take. Ba ta ciwo, tana cin abinci, amma ta daina hira, kuma in ta ji sallamar mace da safe sai ta yi tsaye cik kamar an ambaci mutuwa. An karɓo mata rubutu ta sha, an yi turare, babu abin da ya sauya. Shekaran jiya kuma da hantsi, mata shida na zaune suna jira, aka neme ta aka rasa. Malam ya shigo daga gona ya same ta a bayan rumbu, zaune a kan kifaffen turmi, hannuwa a cinya, ba kuka take ba, ba komai ba. Ya tambaye ta me take yi a nan, ta ce babu, nan ne kawai babu mai nemanta. Shi ne ya ce ta haɗa kaya. Matar babban ɗansu za ta riƙe girki.

Na ji labarin amma ban fahimce shi ba. A ganina gajiya ce, kwana biyu ta yi barci za ta ware. Kuma ni da bakina na riga na ɓata lamarin, don tun ranar da ta iso na aika wa maƙwabciyata cewa Yaya ta zo. Wannan maƙwabciya aminiyata ce, ita ta zauna da ni a haihuwata ta fari, kuma shekara da shekaru tana cewa burinta a yi mata na Kurfi daga hannun mai shi. Na ce mata ta tsefe kai ta zo jibi, ni na ɗauki nauyi.

Ta zo da safe, kai a wanke, da ƙoƙon man shanu sabo da goro a ƙunshe cikin ganye. Sai a gabanta na gaya wa Yaya. Yaya ta dube ni, kallo ɗaya, ba na faɗa ba, sannan ta gaishe da baƙuwar da fara'a ta ce in kawo tabarma. Ba ta zo da kibiyarta ba, sai tawa na ba ta.

Na zauna a gefe ina gyaran shinkafa ina kallo. Ba ta juya kan ba, ba ta dubi goshi ba. Ta tsaga ta fara. Hannun nan na gudu kamar da, ko ma ya fi, layi na bin layi babu wanda ya karkace. Amma idonta na kan katanga. Aminiyata na ta zuba labari, Yaya na cewa “haka ne”, “Allah sarki”, a inda ya dace da inda bai dace ba. Duk lokacin da ta lakato man shanu sai ta kau da hanci. Kafin azahar ta gama. Kitso ya yi kyau ƙwarai, aminiyata ta dubi madubi ta yi ta sa albarka har ta fita.

Yaya ta tashi ta ɗauki buta da sabulun salo ta zagaya bayan ɗaki. Da na ga ta daɗe na bi ta. Na same ta a tsugune tana wanke hannu, ruwan butar ya kusa ƙarewa, tana ta cuɗa tsakanin yatsu. Na tsuguna kusa da ita na ce ta yafe mini.

Ta ce, “Ba ki yi komai ba, Auta. Ai ba ki sani ba.” Sannan ta ce, “Kitson nan da na yi mata, ya yi kyau?”

Na ce ya yi kyau mana, ba ta gani ba ne?

“Ban gani ba. Hannuna ne suka yi. Ni ina can gefe ina jira su gama.”

A nan bayan ɗaki, muna tsugune a rana, ta gaya mini abin da ba ta gaya wa Malam ba. Ta ce da can in ta kalli kan mace, kitson take gani kwance a kai tun ba ta taɓa shi ba, ita binsa kawai take yi. Yanzu in ta duba, gashi take gani da amosani. Ta ce tun tana ƙirga kawunan da ta yi wa na Kurfi har ta daina, kuma da yawansu bai dace da su ba, ta sani, amma in ta faɗa sai a ga kamar rowa take yi. Warin man shanu har cikin tuwo take jinsa. Abin da ya fi damunta kuma tsoro ne, kada ya zama butulci take yi wa Allah. Da sana'ar nan ta yi sutura, da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita aka san ta. Mata nawa ne ke neman abin yi ba su samu ba, ita ga shi an ba ta tana gudu.

“Shekarata arba'in da wani abu,” in ji ta, “ban iya komai ba sai wannan. In na bari, ban san ko ni wace ce ba. In na ci gaba kuma, ban san yadda zan yi ba.”

Na ɗebo mata wani ruwan na zuba mata a hannu har ta ce ya isa.

Da na ba maigidana labari, shi da yake tela ne, bai yi mamaki kamar ni ba. Ya ce shi ma in Sallah ta matso ko ƙyalle ba ya son gani, amma shi da sauƙi, don yadi ba ya ba shi labarin surukarsa yana ɗinka shi. Ya ce in bar ta ta huta, kuma in gyara ɓarnar da na yi.

Ɓarnar kuwa ta yi nisa, don aminiyata ta shiga gida uku da kitsonta kafin la'asar. Washegari aka fara zuwa gaishe da baƙuwa. Ban taɓa sanin ina da masoya haka a Dutsin-Ma ba. Kowace ta shigo sai ka ga ɗankwalinta ya yi tudu, gashi a tsefe a ƙarƙashi. Sai na sa kujera 'yar tsugune a bakin ƙofar ɗakin da Yaya take, in amsa gaisuwa, in kawo ruwa, in ce baƙuwa ba ta jin daɗin hannunta. Ba ƙarya na yi ba. Wasu suka yi addu'a suka tafi, wasu suka ji haushi. Wata dattijuwa ta ce mini ai ita ba ta ga hannun da ya yi na jiya zai kasa na yau ba. Na ce mata nima haka na zata. Muka yi Sallah, Yaya ta taya ni suyar nama, ta ci da yawa, ta yi barcin rana kwana uku a jere.

Bayan Sallah zaman banza ya fara damunta. Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sai ta ce in koya mata, wataƙila ita ma ta koma wannan sana'ar. Na yi dariya a raina, don Yaya ko a gidanmu ba a san ta da murhu ba. Suyar gyaɗa ta farko ta ƙona rabi. Wurin matsar mai ta gaji tun tunkuza ba ta saki ba. Sai na bar mata murza ƙuli, tun da wannan aikin yatsu ne. Ni nakan murza in naɗe shi zobe in jefa a mai. Ina juyowa sai na ga Yaya ta murza sirara guda uku ta kitse su, ta lanƙwasa bakin ta manne. Ta yi wani kamar igiya, wani kamar ganyen dabino. Mai na ta zafi yana jira, ita tana can tana gyara wutsiyar guda ɗaya. Na ce mata a haka sai mu kai magariba, ta ce to me ake sauri.

Ranar na ga ta yi fara'a. Ƙulin ma ya fi nawa shiga, nan da nan ya ƙare. Kwana biyu sai masu saye suka fara aikowa a ba su ƙuli, amma irin mai kitson nan mai uku, ba zobe ba, ba kuma mai kama da igiya ba. Yaya na jin haka ta kama dariya, ta yi ta yi har ta riƙe ciki tana share hawaye. Da ta lafa ta ce, “Kin gani, Auta? Haka ake farawa.” Daga ranar ta koma murza zobe kamar kowa, kuma zobenta bai taɓa kai nawa kyau ba.

Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, aka yi shuka. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga wata ruga ta wajen Makera, sa'ar Yaya ce ko ta ɗan girme ta, doguwa, mai magana kai tsaye. Wata rana da hantsi ta shigo ta sauke ƙwarya, ta tarar da Yaya ta wanke kai da karkashi tana shanya shi a rana. Ni ma ranar na fara lura da kan Yaya da kyau. Gashin ya kakkarye a gefe, furfura ta fito, ga alamar tsohon kitso guda huɗu manya da take yi wa kanta da lalube shekara da shekaru, don ba ta da lokacin kwanciya a gaban kowa.

Mai nono ta dube ta ta ce, “Baiwar Allah, wa ke yi miki kitso? Ko wace ce, ba ta ƙaunarki.”

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta taka mini ƙafa. Ta ce wa matar gaskiya ta faɗa, makitsiyar tata ba ta da kirki ko kaɗan. Mai nono ta ce in ta sayar da abin da ya rage za ta dawo ta gyara mata, don ba ta iya ganin kai haka ta wuce.

Ta dawo bayan azahar. Yaya ta kwanta a tabarma ta ɗora kai a cinyarta, tana ɗan ɗari-ɗari kamar wadda ba ta san yadda ake kwanciyar ba. Matar ta ce ta saki wuya. Ta fara taje mata a hankali, ba ta tambaye ta irin wanda take so ba, ba ta kuma ba ta labarin komai ba, sai ɗan waƙe-waƙe da Fillanci can ƙasa-ƙasa. Kafin ta gama tsaga na biyu Yaya ta yi barci, barci sosai, baki a ɗan buɗe. Matar ta dube ni ta yi murmushi ta ci gaba. Na hana yara shigowa, na kori kaji, na zauna ina kallon yayata tana barci a cinyar wadda ba ta san ko sunanta ba. Sai da aka kira la'asar muka tashe ta.

Ba ta nemi madubi ba. Ta sa yatsu ta bi kitson daga goshi zuwa ƙeya, ta dawo, ta tsaya a saman kunne. Irin nasu ne na ruga, sirara a tsakiya, sai bijaji biyu da suka sauko gefen kumatu, amma a saman kunnen akwai wani juyi da gashin ya yi ya shige ƙarƙashin kansa. Yaya ta taɓa wurin sau uku. Ta ce na hagu ya fi na dama nauyi kaɗan, matar ta ce kanta ne ya karkace. Sannan Yaya ta tambaye ta yadda ta juya nan.

A nan na kasa haƙuri na gaya wa matar ko wace ce ta yi wa kitso. Ta ce ita ba ta taɓa jin wani na Kurfi ba, su a ruga nasu suke yi. Na ɗan ji zafi, amma Yaya daɗi ta ji. Na ga haka a fuskarta.

Bayan kwana uku da matar ta dawo, Yaya ta roƙe ta ta ba ta aron kanta ta gwada juyin. Ta gwada, matar ta shafa ta ce ba haka ba ne, ta warware. Ta sake, ta sake warwarewa, ta ce hannunta ya cika tsauri, tana jan gashi kamar mai ɗaure dami. Rabon da wani ya ce wa Yaya ba ta iya ba tun tana gaban gwaggo. Da matar ta tafi, ta samo zaren rama ta ɗaura a ƙafar kujera, ta wuni tana juyawa tana kwancewa. Ina cikin ɗaki na ji ɗan amon nan na maƙogwaro. Ban fito ba, don kada ta lura ta daina. Sai a zuwa na uku matar ta shafa ta ce to, wannan ba laifi.

Malam ya zo bayan an gama noman farko, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya an shimfiɗa masa ƙaiƙayi. Ya rame, rana ta ƙona shi. Maigidana ya shigo da shi tsakar gida, na shimfiɗa masa buzu. Ya tsokane ni kamar yadda ya saba, wai na riƙe masa mata na mai da ita 'yar ƙuli. Sannan ya dubi Yaya ya ga kitson ruga a kanta, ya ce ashe har Fulani sun saye ta bai sani ba. Ya ba ta labarin gida: gero ya fito da kyau, matar ɗansu na ƙoƙari amma miyarta gishiri, mata kuwa sun kusa cinye dokin ƙofar zaure da tambaya. Yaya na jin an ambaci mata ta sunkuyar da kai.

Malam ya lura. Ya ce, “Ni ba makitsiya na zo ɗauka ba. In kin ce kin bari har abada, wallahi ba zan ce komai ba, abin da ke rumbu ya ishe mu. Gidan ne ya yi shiru.”

Yaya ta ce ba za ta bari ba, ta gwada barin ta ga ba ta iyawa. Amma kwana biyu kawai za ta riƙa yi a mako, kai uku a rana, in an kira la'asar ta naɗe tabarma ko wa ke jira. Na Kurfi kuma ta gama da shi. Duk mai son koyo ta zo ta koya mata kyauta, amma ita ba za ta sake yi ba. Wadda ta kwanta a gabanta sai ta bar ta ta duba. Malam ya ce ya ji, kuma a ranakun da ba na kitso ba shi zai zauna a zaure in bai tafi gona ba. Na ce masa sai ya nemi kujera mai ƙwari, ni na san aikin.

Washegari suka tafi. Na raka su har inda lori ke tsayawa, na ba ta kwalbar man gyaɗa, ta ce in gaishe mata da malamarta mai nono.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. A Kurfi an yi surutu. Wasu suka ce girman kai ne ya shige ta tun da ta je Dutsin-Ma, wasu da suka shekara ashirin suna zuwa suka ɗauke ƙafa, har da waɗanda ta riƙe wa sirri. Wannan ya yi mata ciwo, ta gaya mini. Wata matashiya a unguwarsu ta koyi na Kurfi a hannunta, ta ƙware, gidanta ya koma cika. Bayan 'yan shekaru sai na ji yara mata a Dutsin-Ma suna cewa ita ce ta ƙirƙiro shi. Na yi ta gardama da su, na kai wa Yaya ƙara, ta ce in bar mata, Allah ya ba ta juriya. Ita ma takan karya dokarta in bikin dangi ya taso, ta wuni tana yi wa 'yan biki, kuma duk ran da ta yi haka sai ta yi kwana biyu ba ta son magana. Na taɓa tambayarta ko ganin nan da take yi wa kitso a kai tun ba ta taɓa shi ba ya dawo. Ta ce wani lokaci yana zuwa, ba kamar da ba, a kai goma wataƙila biyu, amma biyun nan sun ishe ta ta jira.

A bayan gida ta kewaye wani ɗan fili da kara ta shuka kuɓewa da rama da yakuwa. Wata kaka, bayan wasu shekaru, na je Kurfi da gashina a tsefe, na manta ban lissafa rana ba. Na tarar da Malam a zaure yana gyaran igiya, ya dubi ɗankwalina ya ce yau dai sai haƙuri. Na shiga ina ganin ai ni ba kowa ba ce. Yaya ta rungume ni, ta kawo fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce kitso sai jibi, in ina sauri ga gidan matashiyar nan da ta koya wa. Na ce ba na sauri. Ta miƙo mini wuƙa da faifai, muka zagaya baya muka zauna muna yanka kuɓewar shanya, tana ba ni labarin wata tsutsa da ta addabi ramarta, har rana ta yi sanyi.